Allon da Na Riƙa Shanyewa

Wautar da na tafka ita ce na riƙa shanye maganina kafin ya yi aiki, har da lashe baki.

Taba ce ta kama ni, garin taba da kanwa da ake cusawa a leɓe. A kasuwar Filinge na koya, wajen wani abokina mai jan haƙora, wanda in ya tsartar da yawu kaji kan watse. Kafin a jima na fara zarar gero daga rumbun babana ina kai wa mai taba. Da baba ya ga rumbu yana ramewa, bai dake ni ba. Cewa ya yi, ranar da kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya sake aiko a ba da mutum daga gidanmu don dakon kaya zuwa Yamai, ni zai miƙa. Mun kuwa ga waɗanda suka dawo daga dakon nan, wuya ya nutse cikin kafaɗa.

Nan masu shawara suka taso min. Gwaggo ta dafa sassaƙe mai ɗacin da ya raba ni da tuwo, taba tana nan daram. Maƙwabcinmu ya yi min doguwar nasiha, leɓensa a kumbure da tabar da yake zagi.

Sai kawuna, mai kula da dawakin bariki, wanda tun da ya iya gaisuwa da Faransanci yake taku kamar shi ya ci ƙasarmu ta Kurfai da yaƙi. Ya ce kumandan kullum sai ya rubuta abin da ya faru, ko da doki ne ya yi tari.

"Kai ma ka iya ajami. Duk sadda kwaɗayi ya taso, rubuta inda kake da wanda ke kusa da kai."

Na ɗauko allona na rubuta. To ni tun da aka haife ni, rubutun magani wankewa ake yi a sha. Kullum in rubuta, in wanke, in kurɓe. Tawadar da na sha ta isa rina babbar riga.

Da kawu ya dawo ya ce, "Kawo mu karanta."

"Na shanye."

"Ka mi?"

"Na shanye, kawu. Ba magani ba ne?"

"Wanga yaro! Dokin kumandan ya fi ka kai. Karantawa za ka yi, ɗan banza!"

Ya tara min sakaina in riƙa rubutu a kai, ya ce in ina da haƙoran cin ƙwarya, bismilla.

Sakaina ta fara taruwa a bayan randa. Ranar da na baje su na karanta, kunya ta kama ni. Ni da ke rantsuwa aljani ne ya shiga bakina, sai ga aljanin da wando da jan haƙora. Kusan kowace sakaina magana ɗaya take yi: ran kasuwa, gindin gawo, abokina ya buɗe batta. Sauran kuwa ranakun da baba ya yi min faɗa ne. A kan wata na rubuta "yau ban ci ba", ga ɗigon jan yawu a gefen rubutun.

Na daina bi ta gindin gawo. In baba ya yi faɗa, sakaina nake nema, in zuba mata duk abin da ba ni da bakin faɗa masa. Abokina ya bi gari yana cewa na zama malamin fasassun ƙore. Sau da yawa na koma na ci, na kuma rubuta cewa na ci, har sakainun da babu jan yawu suka rinjayi masu shi.

Bayan girbi sai ga gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo neman ɗan dako. Baba ya leƙa rumbu, ya sa na buɗe baki ya duba kamar mai sayen rago, sannan ya roƙi gardin ya karɓi jakinmu. Jakin ne ya tafi Yamai, bai kuma dawo ba. Ni na bar taba, amma har yau ran kasuwa leɓena yakan yi ƙaiƙayi, kuma ni ke ɗauko ruwan da jakin yake ɗaukowa.