Injin Gyaran Daji

Duk direban da ya ce maka bai taɓa jin tsoron kayan da ya ɗauko ba, buhunan masara yake ja yana kiran kansa direba. Ni na yi shekaru ina jan doguwar tirela mai gado ƙasa-ƙasa, irin wadda ake ɗora wa manyan injina da ba a barinsu su taka kwalta da ƙafarsu. Lokacin Yauri na cikin jihar Sakkwato, kuma ni kaɗai ne ɗan ƙasar Yauri a direbobin kamfaninmu. Saboda haka da aka ce an sauke katafila biyu a tashar jiragen ruwa ta Legas za a kai su wajen Ngaski, ba a tsaya shawara ba, aka ce ɗan gida ya shiga gaba.

Na ga injina, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Sabo fil, yana warin fenti da gishirin teku. Da ƙugiya ta ɗora shi, sai da tirelar ta yi nishi ta durƙusa. Ƙafafunsa na ƙarfe sun leƙo ta kowane gefe, muka ɗaura musu jajayen tsummoki don masu gaggawar zuwa lahira su gani. Ɗan'uwansa na kan wata tirela a bayana, sai kuma wata babbar mota da ba ta ɗauki komai ba sai sarƙa guda ɗaya, sarƙar da kowane zobenta ya fi cinyata kauri.

Wanda zai tuƙa katafilar shi ya zauna kusa da ni, wani dattijo mutumin kudu da ya daɗe yana aiki a Arewa, Hausarsa tas. Tafiyar irin wannan kaya ba tafiya ba ce, rarrafe ne. Kowane gari muka shiga sai an sauka an ɗaga wayoyin lantarki da gora. A gadar Jebba sai da aka tsayar da kowa, na hau ni kaɗai, ina jin ƙarfe na kuka a ƙarƙashina, ina karanta duk abin da na iya. 'Yan tasi kuwa, Allah ya shirye su, babu wanda ban zaga ba tun daga Ibadan. Mutum ya ga dutse na tafiya a kan titi, amma sai ya ce lalle sai ya kutsa ta gefensa.

Mun kusa Kwantagora na tambayi dattijon amfanin sarƙar. Ya ce ana ɗaura bakinta ɗaya a wannan katafila, ɗayan a waccan, su jera su tafi, duk abin da ke tsakaninsu ya kwanta. In an share, a dasa malaina layi-layi don katako. Na ce a ina? Ya kwatanta mini: in an bar kwalta an kama hanyar Wara, akwai ƙauye, bayan ƙauyen akwai rafi, bayan rafin akwai tudu da aka kafa wa turaku masu jan fenti.

Ƙauyenmu ne ya kwatanta. Tudun kuwa na san shi kamar tafin hannuna.

"Ɗorawa fa?" na ce. "Akwai ɗorawa a wurin."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Direba, sarƙa ba ta da ido."

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, daddawa take yi. Tun ina goye aka san daddawarta a kasuwar Yelwa. Ɗorawowin da ke kan tudun nan na mahaifinta ne, tun suna zaune a gungu a tsakiyar ruwa suna hayowa noma. Da aka datse kogi, tabki ya cika ya ci gungun, aka maido mu sabon gari, su kaɗai ne abin gidansu da ya rage a tsaye. Ta san halin kowace. Akwai wadda take kira marowaciya don sai ta ga dama take 'ya'ya, akwai mai zaƙin gari da take hana mu hawa. In ta yi fushi da mu, can take tafiya ta huce.

Daga Kwantagora zuwa mararrabar Wara na shirya maganar a raina ya fi a ƙirga. Zan sauka, in ja ta gefe, in faɗa mata. Ba ni na sayo injin ba, ba ni na kafa turaku ba, in ban kawo shi ba wani zai kawo. Duk gaskiya ne, kuma na ji daɗin jera su. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na ce wa kaina, amma ko ba komai Inna za ta ji daga bakina.

Abin da ban shirya masa ba shi ne taron. Ƙarar motocinmu ta riga mu isa, kafin in ja birki gari ya fito kaf. Masunta sun bar taru a bakin ruwa, mata sun bar turmi da taɓarya. Tsofaffin da suka san ni ina yawo ba wando suna ta miƙo mini hannu. Wani kawuna da bai taɓa yarda zan zama mutum ba yana zagaya tirelar yana faɗa wa mutane, "Ɗanmu na, tun daga bakin teku yaj jawo shi." Ni kuwa kaina ya kumbura. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Sai aka dare, Inna ta iso da ɗan mayafinta. Ta ɗaga kai ta dubi injin tun daga ƙasa har sama, ta dube ni.

"Kai kaɗai kaj jawo wanga abu?"

"Da ikon Allah, Inna."

"To mi yaka yi?"

Ga mutane sun yi tsit suna jira. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gyaran daji yakai, Inna."

Ban yi ƙarya ba. Haka ma'aikatan suke kiran aikin. Amma na san abin da kalmar take nufi a kunnenta. A wurinmu in mutum ya ce zai yi gyara, sabara da geza zai sare, ya tara ƙaya ya ƙone. Ba a taɓa jin mai hankali ya ɗora gatari a kan ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya ba. Ana noma a zagaye su, kaka ya bar wa jika. Wanda duk ya ji gyara, ya san waɗannan ba sa ciki. Inna ta ga turakun nan masu jan fenti tun tuni, ba su dame ta ba, yanzu kuma ɗanta ya tabbatar mata.

"Madalla," ta ce. "Dajin ga ya yi ƙazanta. Ko macizzai sun ragu."

Ta juya gida da sauri, na ɗauka abinci za ta kawo. Ashe gero ta jiƙa. A garinmu ba a saka sabon jirgi a ruwa sai an daka gumba an yi sadaka, tsohuwar gida ta dafa goshinsa ta sa albarka. Inna ta ga sabon abu ya zo ta hannun ɗanta, ba ta ga dalilin da za a bar shi ya fara aiki haka nan ba. Kafin la'asar ta fito da ƙwarya cike, aka rarraba, har dattijon nan ta ba shi dunƙule biyu. Ya karɓa, ya dube ni, na kau da kai.

Hannunta bai kai goshin katafilar ba, sai ta dafa ƙafar ƙarfen da ta leƙo.

"Allah shi sa albarka. Allah shi tsare mai tuƙa shi, kar shi ci jinin kowa. Allah shi ba shi ƙarfin aikin da yak kawo shi, kar komi shi tsaya mai gaba."

Gari duka ya ce amin. Ni ma na ce amin, har na shafa.

Na sake samun dama. Bayan an watse na shiga gida, ta zuba mini tuwo da miyar kuka, mu biyu kaɗai a tsakar gida. Tana zaune tana kallona ina ci, tana ba ni labari. Ta ce bana ɗorawa ta yi 'ya'ya har marowaciya ta saki hannu, saura kaɗan su nuna. Na dubi fuskarta, rabon da in gan ta da irin wannan farin ciki tun kafin rasuwar mahaifinmu. Na ce a raina bari ta kwana da shi, gobe na faɗa. Abin da na ce a fili shi ne, "Allah shi kai mu."

Da safe muka haye rafi muka sauke injinan a gindin tudu. Ban koma ta cikin gari ba. Na ce tirela na da matsala, kuma da gaske tana da ita, sai dai ba wadda za ta hana a tsaya sallama ba. Na wuce Yelwa wurin makanikai na ɓuya. Gyaran da za a gama a yini na bar shi ya ja kwanaki, ina yi wa makanikai masifa a kan abin da ba laifinsu ba.

Ranar kasuwa ina zaune a rumfar mai soya kifi, wata maƙwabciyarmu da ta kawo bandar kifi ta tsaya a kaina. Ba ta gaishe ni ba.

"Kana nan ashe. Inna ta ce in an gane ka, ka taho."

Na hau motar kasuwa na tafi. Tun daga nesa na ga sama ta yi yawa a bayan gari, wurin da ido ya saba cin karo da duhun itatuwa. Na tarar da Inna a ƙofar gida da mayafinta da kwando, kamar ta san lokacin da zan iso. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, har ta tambayi gajiya. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

"Tashi ka raka ni," ta ce. "Ban iya zuwa ni ɗaya."

Muka haye rafin. Ƙasa ta yi ja, an ture itatuwa an tara su tsibi-tsibi, saiwoyi a sama. Can nesa injinan na ta ruri. Ni ban iya bambance komai ba, amma ita ta bi tsibin nan tana dubawa, har ta tsaya gaban wata ɗorawa ta dafa ɓawonta. Ganyen ya fara yaushi, 'ya'yan na reto kore shar.

"Ka sani?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun kan hanya."

Ta jinjina kai. Na fara jero mata maganganun nan da na shirya, cewa ba ni da iko, cewa ko na faɗa ba abin da zai canza. Ta ɗaga hannu.

"Wa yac ce maka hana su za ni yi? Ni wa? Da ruwa za shi ci garinmu, baƙi sunka zo har gida sunka hwaɗa muna. Ba su san mu ba, ba mu san su ba. Munka je kushewar iyayenmu munka yi sallama, kowa yay yi kukanai ya ƙoshi." Ta juyo ta dube ni. "Kai ko ka bar ni na daka gumba."

Ta miƙo mini kwandon, ta nuna reshen da ya fi tsayi a kan tsibin.

"Hau ka tsinko min."

Ɗanyu ne. Ƙwayar cikinsu ba ta ƙosa ba, ba za su yi daddawa ba, ko awaki sai sun ga dama. Ta fi ni sanin haka. Na cire takalmi na hau, ina tsinka ina jefawa a kwando, tana tsaye a ƙasa tana nuna mini waɗanda na tsallake.