Gwaggo Atine da Goɗiyar Mai Ruwa

Duk wanda ya shekara a Mafaza ya san gwaggona Atine, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai karyayyen haƙori a gaba, wadda ke tafiya gaban jar goɗiya, ba ta kauce wa mota sai dai motar ta kauce mata. Yayar mahaifina ce, a gidanmu take zaune. Ni Zahra a ɗakinta na girma, don haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinta ba.

Kakansu ya baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Rahad, ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya ya wuce. Har yau muna cikin shekara ɗayan nan. Ɗansa Ɗantsoho, wato kakana, aikinsa zagaya gonakin wani attajirin Gadarif a kan doki, domin baƙar ƙasar nan tamu in ta sha ruwan damina ko tarakta ba ta ƙyalewa. A sirdinsa Gwaggo ta koyi hawa. Tana 'yar shekara tara ita ke kai wa masu yankan riɗi abinci a can ƙarshen gona, har ranar da aka ce ta girma, mace ba ta hawan doki. Ta sauka, amma ba wanda ya taɓa jin ta ce ta yarda.

Ta auri Daudu mai ruwa. Yana da karo, keken nan da doki ke ja, da barmil, wato durom na ƙarfe, a kai, yana ɗebo ruwa daga kogi ya bi gida-gida. Sun haifi uku, duka suka koma tun suna goye. Abin da ya rage musu na reno shi ne goɗiyar, Nijima, mai ɗigon fari a goshi. Daudu bai taɓa ɗaga mata bulala ba. Masu ruwa kan bugi barmil da sanda don mata su ji su fito da jarkoki, to shi sai ya mai da bugun nan maganarsa da ita. Bugu biyu ta tashi, bugu ɗaya ta tsaya. Shekara goma sha huɗu suna haka.

Da ciwo ya kwantar da Daudu, Gwaggo ta ɗauki sandar ta hau karo da kanta. Gari ya ɗauka. Dattawa suka kawo ƙara wurin mahaifina Hamad, wai bai kamata ya bar yayarsa tana yawo a kan amalanke kamar namiji ba. Ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ruwan da nake kawo muku ɗaci yake yi?" Suka watse, kuma ba wanda ya daina saye.

Bayan rasuwar Daudu abubuwa suka taru mata. Babura masu ƙafa uku suka shigo da tankunansu suka kwashe cinikin, kafaɗar Nijima kuma ta yi gyambo inda itacen karo ke gugarta. Ciwon ya warke, amma ta gama jan kaya har abada. Aka ɗaure ta a gindin darbejiyar gidanmu, tana cin karan dawar Baba.

Ba zan zalunci mahaifina ba. A shekarar nan yaƙi ya koro mutane daga Khartum da Jazira, gidanmu kaɗai iyali biyu na dangi suka sauka. Ga awaki, ga rani ya yi tsawo, rumbun kara ya kusa ƙasa. Duk da haka na ji haushinsa ranar da ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, ana saura mako guda Babbar Sallah.

"Yaya, na yi magana da Abdulwahabu mai gasa tubali. Rana ta huɗu ta Sallah zai zo ya tafi da ita."

Kowa ya san dokin da ya shiga wurin gasa tubali ba ya ganin damina biyu.

"Tawa ce ko taka, Hamad?"

"Taki ce. Amma karan da take ci nawa ne, kuma ya ƙare."

"In ta ci da kanta fa?"

"In ta ci da kanta, kalas, shi ke nan, ta zauna nan har ta mutu."

Ya faɗi haka ne don ya san ba yadda za a yi. Bai san abin da ta riga ta ji a makarantar 'yan mata ba, inda aka sauke waɗanda ba su da dangi a gari. Akwai wata Rasha a can, mai sayar da magani ce a Khartum kafin yaƙi, yanzu ita da mijinta Abdulhamidu da 'ya'yansu mata biyu suna rabin aji, labule ya raba su da wasu. Gwaggo kan kai mata gahawa su sha. Da Larabci suke hira, Rasha na ce mata Hajja, ita da ko hanyar da kakanta ya bari ba ta ƙarasa ba. Rasha ce ta ba ta labarin yadda suke Sallah a da: a fita bakin kogin Nilu, a sami masu dawaki, a biya a hau.

"A hau a je ina?" in ji Gwaggo.

"Ba ko'ina, Hajja. A zaga a dawo."

Gwaggo ta yi dariya har gahawa ta zube mata a zane. Amma ranar da Baba ya yi maganarsa, ta sa ni na hau kujera na sauko da sirdin Ɗantsoho daga rufin ɗaki. Kwana uku tana shafa masa man riɗi.

Rana ta biyu ta Sallah ta kai Nijima bakin kasuwa, daidai inda hanyar kogi ke haurowa gari. Ta sa mata linzami da sirdi, ta wanke ta tas. Ba kuɗi ta nema ba, ta san mutanen da yaƙi ya koro ba su da shi. Sharaɗinta ɗaya: wanda ya hau aka kai shi bakin kogi, zai yanko dami guda na ciyawa ya dawo da shi.

Abdulhamidu ne ya fara fitowa, cikin farar jallabiya da rawani, yana gaya wa jama'a ya sha kallon tseren dawaki a Khartum. Aka tallafa masa ya hau. Ya buga dugadugai, Nijima ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya yi mata tsawa, ta sunkuya tana shinshinar ƙasa. Gwaggo ta kama linzami ta ja da ƙarfi, sai goɗiyar ta ɗaga ƙafa, amma maimakon kogi ta juya cikin gari. Ta tafi kai tsaye ƙofar gidan tsohuwa Ummusalama, gidan farko da Daudu ke zuba wa ruwa, ta tsaya cak. Abin da ya ƙarasa mu shi ne Ummusalama ta ji ƙarar kofato, ta fito da jarka a hannu.

Gida bakwai Nijima ta kai bawan Allahn nan. A kowace ƙofa sai ta tsaya daidai lokacin cika jarka biyu, sannan ta wuce, shi kuwa yana bisa ya rungume sirdi, rabin kasuwa na biye. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Mai ruwa, a zuba mana biyu!" Abdulhamidu ya sauko jallabiyarsa sharkaf da zufa, bai yi wa kowa sallama ba. Ni kaina na yi dariya, kuma har yau ina jin kunyar dariyar.

Da la'asar Baba ya ce, "Malesh, Yaya, yi haƙuri. Kin yi ƙoƙarinki." Ba ta kalle shi ba. Ta daɗe zaune a gaban goɗiyar, can ta kira ni.

"Zahra, ba ita ta yi wauta ba, ni ce. Na so in mai da ta dokin babana don kada a ce dokin mai ruwa ce. Na bar sandar Daudu a ɗaki saboda kunya. Sannan na tsayar da ita a bakin kasuwa, inda barmil ke isowa cike. Daga nan ai gida-gida ta sani. Hanyar kogi daga ƙofar makaranta take farawa, ta nan muke wucewa da barmil ba kowa a ciki."

Washegari da hantsi muka tsaya a ƙofar makarantar. Gwaggo ta riƙe sandar Daudu da wani tsohon galan na mai. Maza suna zaune a inuwa, ba mai niyyar zama abin dariyar yau. Sai ga Rasha ta fito, ta sa wandon mijinta a ƙarƙashin tufafi, ta ɗaure mayafi tam a ƙugu.

"Rasha, mutane na kallo," in ji Abdulhamidu.

"Shekara guda suna kallona ina bin layin ruwa. Yau su kalli wani abu dabam."

Muka ɗora ta. Gwaggo ta ɗaga sanda ta bugi galan sau biyu da ƙarfi, yadda ta saba. Nijima ta tashi, amma Rasha ta kife a wuyan goɗiyar ta toshe kunnuwa, 'ya'yanta biyu da ke bakin ƙofa suka durƙushe ƙasa lokaci guda. Mu da ba mu kwana ƙarƙashin harbi ba, ba mu taɓa jin abin da suka ji a ƙarar galan ba.

"Hajja, sauke ni," in ji Rasha.

Gwaggo ta dafa goɗiyar ta tsaya. Ba ta sauke Rasha ba. Ta kwance igiyar zanenta ta ɗaure galan a gaban sirdi, ta buɗe hannun Rasha ta sa mata sandar.

"Wannan ƙarar ba mai yin ta sai ke, 'yata. In kin so ta yi, in ba ki so ba shiru. Biyu tafiya, ɗaya tsayawa. Ba sai da ƙarfi ba, tana ji."

Mun daɗe muna jira. Can Rasha ta taɓa galan sau biyu, a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Nijima ta kama hanyar kogi.

Ruwan farko ya sauka a makon, ƙasa ta fara kore a tsakanin kututturan dawa. Gwaggo na tafe a gefe tana faɗa: "Saki cinyarki, kar ki matse ta, rabonta da gudu tun kafin ki yi aure. Kalli tsakanin kunnuwanta, daina kallon ƙasa. In za a gangara ki jingina baya." Muka shiga kurmin bagaruwa, birai suka watse a rassa. Rasha ta buga ɗaya, goɗiyar ta tsaya. Ta buga biyu, ta tashi. Ta sake, ta sake, ba don komai ba sai don ta ga ana jin maganarta. Kogin bai kawo ba tukuna, sai tafkuna a tsakiyar yashi, balbelu sun yi fari a bakinsu. A nan ta zauna bisa sirdi tana dariya, hawaye na zuba, ta ce tun da suka zo ba ta san akwai wuri irin wannan a bayan katangar makaranta ba. Ciyawar da ta yanko ko akuya ba za ta ƙosar ba, lauje ya kusa cin yatsanta, amma ita ta ɗauko abinta a ka har gidanmu.

Kafin magariba mata shida sun hau, Gwaggo ta ce ya isa, tsohuwa ce.

Rana ta huɗu da safe Abdulwahabu ya zo da igiyarsa. Baƙo ne a garin, bai san Daudu ba. Baba ya dubi tulin ciyawar da ke gindin darbejiya, ya kau da kai.

"Na gani, Yaya. Amma Sallah kwana huɗu ce, gobe wa zai hau? Kuma na riga na ba mutum magana."

"Ni ma ka ba ni magana, Hamad."

Lokacin matan makaranta sun fara taruwa a ƙofar gida, kowace da aron laujenta, har da Ummusalama da ta zo kallo. Abdulwahabu ya zura wa Nijima igiya ya ja. Ba ta motsa ba. Ya ja da hannu biyu, ta kafe. Ya zaro bulala daga ƙugu, sai kawai ya ga Gwaggo a tsakaninsa da goɗiyar.

"Ka fara ta kaina."

Ya sauke hannu. Ya dubi matan ya ce, "To ita wannan da me ake tayar da ita?" Rasha ta gyara mayafi. Ummusalama, da ta shekara goma sha huɗu tana jin bugun nan a ƙofarta, ta ɗaga kai tana duban hadari.

Ya juya ga Baba. "Hamad, a gidanka take. Ya'ani kai ma ba ka sani ba?"

Baba ya sani sarai. Kalma biyu zai faɗa a wuce wurin, galan da sandar suna jingine a bango kusa da ƙafarsa. Na ga ya dubi sandar, inda hannun Daudu ya cinye ta har ta yi santsi. Ya dubi yayarsa.

Ya ce, "Tambayi mai ita."

Abdulwahabu bai tambaya ba. Ya kwance igiyarsa ya naɗe, ya yi sallama a daƙile ya fita.

Yanzu kowace Jumma'a da Asabar ana hawa, har mazan da suka yi dariya sukan zo a sace da sassafe, Abdulhamidu na cikinsu. Amma a ranar da Abdulwahabu ya tafi, ba Rasha ce ta fara ba. Gwaggo ta ɗaura sirdin Ɗantsoho, ta rataya galan, ta tattare zanenta a tsakar gidan, a gaban kowa. Shekara arba'in da uku rabonta da hawa, ƙafar ta ƙi kai wa likkafa. Ta gwada sau biyu ta kasa, ba ta kuma nemi taimakon kowa ba.

Baba ne ya matso ya riƙe mata likkafar.