Gayyar Surukina, Ba Ƙwaya A Cikina

Na daɗe ina shakkar rubuto wannan wasiƙa. Sau uku ina rubutawa ina yagewa, don tsoron kada wani ɗan garinmu ya gane ni, ga shi karatuna bai wuce firamare ba. Amma shirun ya fi damuna.

A lokacin ni ɗan ƙwadago ne a wani ƙauye kusa da Gangara. A wurin gayya na fara shan tramol, domin a wajenmu wanda ya riga kowa fitar da kuyyarsa ta noma shi makaɗa ke wa kirari. Da ƙwaya ɗaya cikin shayi na fara, kafin shekara biyu sai na haɗiye huɗu nake iya ɗaga hauya. Wata damina na yanke jiki na faɗi cikin gero, bakina na kumfa. Surukina ya zo daga Tsamaye ya tafi da matata da 'yarmu. Bai yi faɗa ba. Ya bar saƙo cewa za su dawo ranar da ya ga na yi noma da ƙarfin da Allah ya ba ni.

A wani ƙaramin asibiti a Isa, jami'in lafiya ya riƙa rage mini ƙwayar kaɗan-kaɗan, ya kuma koya mini wani motsa jiki da ya ce sunansa yoga. A miƙe baya, a tsaya da ƙafa ɗaya, a ja numfashi a riƙe, a sake shi a hankali. Kullum bayan Asuba nake yi, sannan in yi sassarfa zuwa fadama. Ciwon gaɓoɓi ya fara sauƙi. Sai wani a majalisa ya ce ai wannan bautar Indiyawa ce. Hankalina ya tashi, don akwai wani zama da ake kai goshi ƙasa kamar sujada. Na bari kwana tara ina istigfari, a na goma na koma na sha ƙwaya biyu.

Da kunya na je wurin limaminmu, na gaya masa abin da aka ce a kan motsa jikin. Ya ce in gwada masa. Na yi a zaurensa, ya yi dariya har da tari, ya ce akuyarsa ma haka take miƙa kowace safiya, ba wanda ya taɓa ce mata mushrika. Ya ce in bar na kai goshi ƙasa tunda zuciyata ba ta natsu da shi ba, in yi sauran da niyyar magani. Ya kuma tambaye ni yaya aka yi ina tsoron miƙa amma ban ji tsoron ƙwaya ba. Washegari na koma motsa jikina.

Da damina ta zagayo surukina ya kira gayya, na ce ko za ni mutu sai na je. Abokaina suna tsokanata da Ba'indiye, wani ya miƙo mini shayi mai haɗin ƙwaya. Na juya baya, na ja numfashi har kwaɗayin ya lafa. Cikin mu tara ni na zo na bakwai, ba kiɗa ba kirari. Amma tsohon ya bi kuyyoyin ɗaya bayan ɗaya. Masu gaggawa sun sassare masa gero, tawa kuwa ba ciyawa, ba tushe ɗaya da ya faɗi. Da yamma ya aiko ƙanensa ya ce in nemi amalanke ranar Juma'a in ɗauki iyalina.

Yau shekara biyu ke nan ko ɗaya ban sha ba, alhamdu lillahi. Na gane ƙarfin ƙwaya cin jikin mutum yake yi, kuma abin da ka yi shakkarsa ka tambayi masani, kada ka tsaya ga zancen majalisa. Matasa, ku yi hattara da shayin gayya.

Sai dai har yanzu in na ji kiɗan noma kwaɗayin ƙwayar kan taso mini. Don Allah duk mai karatu da ya fi ni daɗewa da bari, ya rubuto ya gaya mini: wannan kwaɗayin yana ƙarewa kuwa?