Kunyar Sha-Gulbi

Gajere mai gyaran keke ne a Talata Mafara, kuma kekunan mutane sun sha wuya a hannunsa, don hankalinsa na kan rubutu. Takardun buhun siminti da ake zubarwa a wurin aikin dam ɗin Bakolori yake tsintowa, ya rubuta labarai da ajami, ranar kasuwa ya karanta wa jama'a. Jaruminsa guda ne, Sha-Gulbi, wani ƙato mai tumbi da ke kafa baki ya shanye gulbi tas don ya kamo ɓarayin da suka tsallaka, in ya yi gyatsa tarwaɗa ta zubo har gari ya ƙoshi. Mun sha dariya har da hawaye. Babu mai buga masa su a littafi, babu mai saya, ko a jikinsa.

Inda ya tafka kuskure, yakan karanta wa mahaifiyarsa Taibatu in ya je ƙauyensu, can gefen Maradun. Ita ba ta taɓa dariya ba. A wurinta, abin da aka rubuta da baƙaƙe irin na Alƙur'ani ba ya zama ƙarya.

Da aka toshe dam ɗin ruwa ya fara tasowa, ya ci fadama, ya ci gonaki. Mutane suka kwashe zuwa tudun da aka nuna musu, tudun tsakuwa wanda ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Taibatu kaɗai ta ƙi tashi. Gajere ya zo a guje ya same ta zaune a ɗaki, ruwa ya riga ya kwantar da danga.

"Inna, tashi mu tahi!"

"Ba ni zuwa ko'ina. Tahi ka kirawo Sha-Gulbi."

"Inna, ƙarya ta! Babu shi, ni nay yi shi don a yi dariya!"

"Ɗan da na haihwa ba shi ƙarya da baƙin Allah," in ji ta, ta gyara zama.

Ya durƙusa, ya yi rantsuwa, ya yi kuka. Ya kai hannu zai ɗauke ta, ta ce in ya taɓa ta ba ta yafe ba. Ruwa ya shigo tsakar gida, turmi ya fara yawo. Tsoro ya kama shi sosai. Ya zaro guntuwar takarda daga aljihu, ya rubuta layi guda, ya karanta mata: Sha-Gulbi ya iso, amma kunya gare shi, ba ya shan ruwa a gaban manya.

"Yaro mai tarbiyya," ta ce. "Mi ya hana ka hwaɗi tun ɗazu?" Ta miƙo hannu ya goya ta.

Gajere bai ƙara rubuta komai ba. Ya kwaso kayan gyaransa ya koma tudun. Taibatu kuwa kullum sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar bukka, ta juya wa ruwan baya, kada ta takura wa baƙo. Ƙauyensu na ƙarƙashin ruwa, da rumbunta da kabarin mijinta, ba ta taɓa waiwayawa ba har ta rasu. Duk lokacin da ta ji motsin ɗanta sai ta tambaya a hankali.

"Ya shanye?"

"Saura kaɗan, Inna."