An Ce Mini Ba Ya Ji

Malam Edita, bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni fili in bayyana wani zalunci da na aikata da hannuna a cikin gidana. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. A lokacin ni magatakarda ne a kotun alƙali a Azare, shekaruna talatin da 'yan kai. Na yi elementare, na yi Midil, kuma a zamanin nan na En'e wanda ya kai nan ana duban sa da idon girma. Ni ma da idon nan nake duban kaina. Ban taɓa makara a aiki ba, ban taɓa rubuta abin da ba a faɗa a gaban alƙali ba, kuma ba abin da yake tayar mini da rai kamar in ga mutum yana wasa da abin da aka ɗora masa.

Matata Bafulatana ce daga wajen Sakwa. Allah ya ba mu ɗa namiji, shi ne na fari, kuma da ya isa na kai shi elementare. Ban yarda karatun makaranta kaɗai ya wadatar ba, saboda haka na tsara masa na gida, na rubuta tsarin a takarda na manna a bangon zaure. Da asuba ya tafi makarantar allo, da hantsi yana boko, bayan la'asar kuma nawa ne. Wata rana mu yi lissafi da ƙwallayen dabino, wata rana ya karanta mini shafi da ƙarfi, wata rana ya kwafi rubutu a sileti, amma kowace rana sai an rufe da shifta: in faɗi jimla biyar, shi kuma ya rubuta. Na ware wani littafi na ja masa layuka da rula, ina shigar da rana, da darasi, da kuskure nawa ya yi, da ra'ayina a gefe. Shekara guda da rabi ra'ayin nan bai wuce kalma ɗaya ba, wato madalla. Yaron yana da kai, har nakan kira abokan aikina su zo su ga yadda yake zuba jadawalin sau bakwai ba gargada.

Yana aji biyu, cikin wata bazara mai tsananin zafi, sanƙarau ya kama shi. Ba zan tsawaita a kan kwanakin nan ba. Gidaje da dama a unguwarmu sun yi rashi, mu kuwa Allah ya bar mana namu. Da ya fara takawa na yi sadaka, na yi godiya, kuma a makon da na ga ya iya zama ba tare da ya jingina ba na mayar da shi kan tabarmar zaure. A ganina an riga an yi asarar wata biyu, ba a ƙara yin ta kwana ɗaya.

Daga nan abubuwa suka sauya. Lissafin da na rubuta masa a sileti yana yin sa daidai kamar da, kwafin rubutu ma haka. Amma shifta ta lalace ƙwarai. In na ce rijiya ya rubuta rigiya, in na ce kasuwa ya rubuta wani abin da ba shi da ma'ana, wani lokaci kuma in faɗi jimla sukutum ya zauna riƙe da alli bai motsa ba. Abin da ya fi harzuƙa ni shi ne wani abu da na lura da shi, har na yi alfahari da basirata a kan gano shi: ranar da na zauna a gabansa ina fuskantar sa yakan yi kusan daidai, ranar da nake kai da komo a bayansa, kamar yadda malamanmu suke yi mana, sai ya ɓata duka. Na yanke hukunci cewa yaron ya koyi ha'inci a kan shimfiɗar jinya, an shagwaɓa shi, ba ya aiki sai ido yana kansa. Na rubuta a littafin cewa da gangan yake yi. Bayan wannan kuma ya ɓullo da wata ɗabi'a da na ɗauka rashin kunya ce tsantsa: ina magana sai ya kafa mini ido a fuska ko ƙiftawa ba ya yi. Na daka masa tsawa, na ce ɗan mutunci ba ya kallon tsabar idon ubansa, daga yau in ina magana ya sunkuyar da kai. Ya sunkuyar. Daga ranar ko jimla ɗaya bai ƙara rubutawa daidai ba.

Ana cikin haka surukata ta zo daga Sakwa duba jikanta, ta kwana uku. Tsakaninta da shi wasan kaka da jika ne, mijina take ce masa, ta ce ya rame don kishin ta ƙi dafa masa tuwo, kuma ban taɓa ganin ta goyi bayan kowa a kansa ba. Ni da ita kuwa akwai kunyar surukuta, gaisuwa ma daga bayan zana muke yi. Ranar da za ta koma ta kira ƙanwata, wadda take zaune a gidana lokacin, ta ba ta saƙo da Fulatanci. Ƙanwata ta same ni a zaure ina fiƙe fensir, ta durƙusa ta ce Inna ta ce a gaya wa Malam yaron nan fa ba ya ji, a duba lamarinsa. Wallahi daɗi na ji. Na ce mata ai na daɗe da sani, kuma tunda har kakarsa mai ɗaure masa gindi ta shaida, magana ta ƙare. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, na ce ta tashi ta ba ni wuri, ba a koya mini tarbiyyar ɗana. Na ɗauki alƙalami na shigar da shi kamar shaidar kotu: kakarsa ma ta tabbatar ba ya ji.

Tun daga ranar na ƙara tsanani. Na samo tsumagiya na rataye kusa da takardar tsarin karatu. Na je wurin malaminsu, wanda shi ma ya koka cewa yaron ya daina amsa tambaya, na ce ya mayar da shi bencin baya cikin marasa ƙoƙari ko ya ji kunya. Sa'an nan na yi rantsuwa a tsakar gida, kowa yana ji, cewa idan aka yi jarrabawar ƙarshen shekara bai gyaru ba zan cire shi daga makaranta in kai shi Chinade wurin baffana ya riƙe fartanya, don ba zan bar shi ya zubar mini da mutunci a gaban malamai ba. Uwarsa tana tsaye bakin madafa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta tsaya kare shi a gaban mutane. Sau ɗaya ta fara cewa, da murya ƙasa ƙasa, wancan ɗin naka tun da ya tashi daga ciwon nan, sai na katse ta na ce ita ce ta lalata shi. Kwana biyu bayan haka na kira shi sau uku daga ƙofar zaure yana zaune ya ba ni baya bai waiwayo ba. Na isa gare shi na kwaɗa masa mari a kunnen hagu, da dukan ƙarfina.

Saura mako uku jarrabawa aka kawo wata shari'a kotu, ta shanu da suka shiga gonar wani manomi. Cikin shaidu akwai wani dattijo makiyayi. Alƙali ya yi masa tambaya kansa a sunkuye yana duba takarda, dattijon bai amsa ba. Ya maimaita, shiru. Dogari ya zabura zai yi masa tsawa, sai ɗan dattijon ya yi wuf ya ce Allah gafarta Malam, a yi masa haƙuri, ba ya ji, sai an fuskance shi ya ga baki. Hannuna ya rubuta kalmomin kamar yadda ya saba. Sai na ɗaga kai na ga alƙali ya juyo yana magana a hankali, dattijon kuma ya karkato kai gefe guda, ya kafa masa ido a baki ko ƙiftawa ba ya yi. Na san kallon nan. Wata huɗu ina ganin sa a zaurena ina kiran sa rashin kunya. Alƙalami ya suɓuce mini, tawada ta ɓata shafin, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Na nemi izini na ce ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya ba.

Da na isa gida na tarar da yaron a gindin bishiyar bedi yana wanke siletinsa. Na lallaɓa na tsaya a bayansa, na kira sunansa da murya mai taushi, na ce ya zo mu je kasuwa in saya masa alewa. Bai motsa ba. Na ɗaga murya, bai motsa ba. Na ɗauki kwanon sha na buga da ƙasa, kaji suka watse, uwarsa ta fito da gudu, shi kuwa yana ta goge siletinsa. Sai da inuwata ta faɗa kansa ya waiwayo, ya gan ni, ya dunƙule ya kare kansa da hannu biyu. Na zauna a ƙasa da rigar aikina.

Na kira ƙanwata na tambaye ta me Inna ta ce daidai. Ta ce Inna ta ce kunnen yaron ya toshe, ta kira shi daga baya da ƙwaryar fura bai juyo ba, alhali da ko motsin ludayi ya ji sai ya zo. Na ce don me ba ta faɗa mini haka ba. Ta dube ni, karo na farko ba tsoro, ta ce Yaya Malam, ai Hausa na yi maka, kai ne mai Midil, kai ka ce ka daɗe da sani, ka kore ni kamar akuya. Matata kuwa, ranar ce ta ajiye kunya. Ta ce wata huɗu tana kallo ina dukan yaro a kan abin da Allah ya ɗauke masa, kuma kullum in ya fito daga zaure sai ya tambaye ta da hannu me ya yi. Washegari na kai yaron asibiti.

Malamin asibiti ya duba shi ya ce zazzaɓin ne ya tafi da kunnen dama gaba ɗaya, na hagu kuma da sauran ɗan ji kaɗan, amma akwai rauni a cikinsa. Ya tambaye ni ko yaron ya faɗi. Na gaya masa gaskiya. Na roƙe shi ya faɗa mini ko marina ne ya rage abin da ya saura, ya ce ba zai iya rantsewa a kan haka ba, ba kuma zai iya wanke ni ba. Da wannan amsar nake zaune har yau.

Na yi kaffarar rantsuwata, ban kai shi Chinade ba. Na koma wurin malaminsu na roƙi a dawo da shi bencin gaba. Karatun la'asar ya ci gaba, amma gwiwa da gwiwa, a waje cikin haske, ina faɗin kalma a hankali yana kallon bakina, abin da bai gane ba in rubuta masa. Sai da na yi makonni ina ɗaga masa haɓa da hannuna kafin ya yarda ya sake duba na. Ya ci jarrabawar da ƙyar, ya gama elementare, amma Midil ba ta samu ba, domin can sai da kunne. Ya koyi ɗinki, yau yana da iyali yana riƙe da kansa, kuma wasiƙun rabin unguwarsu shi yake rubuta musu.

Sai da ya yi aure na iya neman gafararsa. A takarda na rubuta, don in tabbata kowace kalma ta isa. Ya karanta, ya karɓi alƙalamin ya rubuta a ƙasa cewa Baba, ba kome, ai ba ka sani ba. Na gode masa, amma ni da na ƙare rayuwata ina rubuta shaida na san wannan uzurin bai tsaya ba. An gaya mini, da bakin mutum biyu, a cikin gidana.

Saboda haka nake kira ga iyaye, musamman irina da suka ɗan taɓa boko suke ganin sun fi matan gidansu fahimta. Koya wa yaro karatu a gida abu ne mai kyau, ban yi nadamar sa ba. Amma in yaro mai ƙoƙari ya sauya bayan ciwo, a bincika jikinsa kafin a tuhumi halinsa. In tsohuwa ta aiko da magana, a tambayi abin da take nufi, a kuma bar ɗan aike ya kai ƙarshen zancensa. Ni tambaya ɗaya ce ta rage mini in yi, girman kai ya hana ni, yaro ɗan shekara tara ya biya. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, ni da shi.