Wainar Umma da Tekun da Ban Shiga Ba

Wata Asabar cikin hutun tsakiyar shekarar 2014, bayan sallar asuba, ina tsaye a ƙofar kicin ɗinmu a hawa na sha huɗu a Danau Kota, wata unguwa ta yankin Setapak a ƙasar waje inda Abba ke karatu, riƙe da wata takarda da ta yi laushi don yawan ninkewa. Shekaruna sha biyu. Umma na gaban tandar da ta taho da ita tun daga Kano tana juya waina, ƙamshin man shanu har baranda, ga babbar kula a buɗe tana jiran a cika ta. Karo na uku ke nan ina karanta mata abin da malamarmu ta ninƙaya ta rubuta: kada a ci abu mai maiƙo kafin shiga jirgin ruwa, a ci biskit ko ayaba ɗaya, a sha ƙwayar hana jiri awa guda kafin tashi. Umma ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta miƙo hannu ta karɓi ƙwayar, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce, "Na ji. Miƙo min murfin kular nan."

Wata huɗu na yi ina shirin wannan rana, kuma ina so a san da haka, don daga baya an mayar da zancen kamar kwatsam na tashi na ce zan faɗa teku. Abba yana karatun digiri na uku a lokacin, mu kuma muna zaune a irin dogayen gidajen nan da ke da wurin ninƙaya a ƙasa. Da yamma, in na gama wanke-wanke na kwashe shanya na sayo burodi da ƙwai a kedai, wato ɗan kantin da ke ƙasan bene, sai mu yaran Hausawa mu haɗu a bakin ruwan. Wasanmu shi ne a jefa cokali a wuri mai zurfi a ga wa zai ɗauko. Har maza biyu da suka girme ni ba su taɓa riga ni ba. Umma kan zauna nesa a kan benci da carbinta, ba ta taɓa matsowa bakin ruwan ba, ni kuwa na ɗauka gudun jiƙa zani take yi.

A makaranta akwai Cikgu Aina. Cikgu shi ne malama da Malayanci, ita ce ke koya mana ninƙaya. Ta zaɓi yara takwas da za a koya wa nutso da tukunyar iska a baya, sannan a kai su teku su yi na gaske daga cikin jirgi. Ni kaɗai ce baƙar fata a cikinsu. Ranar da na kawo takardar izini Abba ya sa hannu yana dariya, yana cewa, "Bahaushiya a ƙarƙashin teku! Wannan ai sai a ba da labari a Kurna." Umma ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Daga nan na zama abin kallo a gida. In mun shiga lif, na'urar hawa bene, sai in toshe hanci in hura a hankali, yadda aka koya mana don kada kunne ya yi ciwo a ƙasan ruwa. Nakan cusa gorunan ruwa huɗu a jakar makaranta in yi ta zagaye falo don bayana ya saba da nauyin tukunya. A wurin cin abinci da hannu nake magana, tunda a ƙarƙashin ruwa babu baki: wannan alama lafiya lau, wannan iska ta kusa ƙarewa, wannan mu hau sama. Abin da Cikgu ta fi ja mana kunne a kai shi ne jirin teku. Ta ce wanda ya fara amai a jirgi ba zai shiga ruwa ba, ko ɗan sarki ne, don amai da bututun numfashi a baki ba abin wasa ba ne. Saboda haka har cikina na horar. Nakan zauna a kujerar ƙarshe ta bas ɗin Setapak inda ta fi jijjiga, nakan hau lilo in yi ta juyi har duniya ta kife, sannan in tsaya in kafa ido a kan dogayen benayen tsakiyar gari har kaina ya dawo daidai. Kuma damar guda ɗaya ce tak, domin a watan Satumba Abba zai kammala mu tattara mu koma gida.

Awa biyar muka yi a mota kafin mu isa gaɓar teku. An yarda iyaye su rako yaransu zuwa bakin ruwa, Abba yana da ganawa da malaminsa, sai Umma ta biyo ni da kularta. Muna sauka sauran yaran suka fito da biskit ɗinsu, kowa ya haɗiye ƙwayarsa. Umma ta samu gindin bishiya ta shimfiɗa ɗankwali, ta buɗe kula: waina ce jere, miyar taushe ta sha man shanu har yana yawo a sama, ga gorar fura da ta dama da yogot. Na ce Umma takardar fa. Ta ce, "Yunwa ce ke kawo jiri. Wa ya taɓa yin tafiya ciki ba komai?" Na ce to ƙwayar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lafiyarki ƙalau za ki sha magani? Ba a shan magani kafin cuta, kiran ta ne."

Wanda bai tashi a gidan Bahaushe ba zai ce ai sai ki ƙi ci. To a gidanmu ba a mayar wa uwa da abincin da ta sa maka a hannu, balle a gaban baƙi, balle wanda ta tashi tun kafin asuba ta soya. Waina bakwai na ci, ina ƙirgawa, tana ƙara min miya. Na kora da fura. Cikgu Aina ta zo wucewa da tukwanen iska ta tambaya ko na sha maganina. Kafin in buɗe baki Umma, wadda duk Malayancinta bai wuce kalma uku ba, ta yi murmushi ta gyaɗa kai ta ce, "Boleh, boleh," wato komai daidai. Ni kuma ban iya ƙaryata uwata a gaban malama ba.

Duk abin da aka koya mini na yi a jirgin nan, Allah shaida ne. Na zauna a tsakiya inda ba ya tangaɗi sosai, na ba wa warin fetur baya, na kafa ido a kan layin da sama ta haɗu da ruwa. Minti ashirin na jure. Daga nan igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sake, wainar farko ta nemi hanya, sauran shida suka biyo ta ba sallama. Wani ma'aikacin jirgin ya turo mini shuɗin bokiti da ƙafa. Da muka isa wurin nutson ko tsayuwa ba na iya yi. Cikgu ta taɓa goshina, ta leƙa bokitin, sannan ta zare mini tabaran ruwa daga wuya da kanta. Ina kwance ina kallo yara bakwai suka faɗa ruwa da baya ɗaya bayan ɗaya, har da wata da sai da na koya mata fitar da ruwa daga tabarau. Ruwan garau yake, ina hango kumfar numfashinsu tana tasowa. Minti talatin suka yi, suka fito suna ihu sun ga kunkuru. Da muka dawo gaɓa Umma ta rungume ni ta goge mini baki da mayafin nan mai ƙullin ƙwaya, fuskarta fes kamar wadda aka yi wa bushara.

Amai ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba. Abin da ya biyo baya ne. Kafin Lahadi ta zagayo labari ya gama gidajen Hausawan Setapak, kuma babu wanda ya ji zancen waina. Matan da ko ƙafa ba su taɓa tsomawa a teku ba suka yi ta tafa hannu a wurin karatun mata suna cewa, "Ai dama ruwa ba sa'an kwando ba ne." Yaran da nake riga ɗauko cokali suka laƙaba mini Hauwa Bokiti, sunan ya hau jirgin sama ya biyo ni har Kano. Abba ma, da nake sa ran zai bi mini kadi, cewa ya yi, "Jinin ne, mu ba mu gaji teku ba." Jini! Wata huɗu ina juyi a lilo kamar mahaukaciya, a ce jini. Duk wannan ana yi Umma na zaune tana ji, ba ta taɓa cewa ku ƙyale yarinya, ni na ɗura mata ba. Na daina sauka wurin ninƙaya har muka bar ƙasar.

Sai bayan shekara bakwai, muna suyar wainar sallah a tsakar gidanmu a Kano, wani ɗan uwa ya kira ni da sunan nan, na juya na ce wa Umma cikin fushi da ta saurari takardar da ba haka ba. Ta ci gaba da zuba ƙullu. Can ta ce, "Sau nawa kika karanta min? Ai na fi ki haddace ta. Ina sane na yi." Ta ce tana 'yar shekara tara aka ba ta riƙon ƙaninta Bala, wanda ban taɓa jin sunansa ba sai ranar, ta juya ɗauko takalminta, kududdufin bayan gidansu ya cinye shi. "Babanki ya riga ya sa hannu, ba zan tsallake maganarsa ba. Abin da ke hannuna tanda ce." Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ce ko yau aka sake, haka za ta yi, kuma ƙila ta ƙara waina biyu.

Na yi kuka saboda Bala, na yi saboda yarinyar da ta juya ɗauko takalmi. Amma kada a ce na huce, don ban huce ba. Da ta faɗa mini tsoronta, wataƙila da na haƙura da kaina, in fita da mutuncina. Sai ta bar ni shekara bakwai ina zargin cikina da jinina. A da teku awa biyar ne daga ƙofarmu, ina da ƙarfin hali da malamar da ta yarda da ni. Yanzu ruwan da na fi kusa da shi shi ne na randa, kuma kunkurun nan har gobe a bakin wasu na ji shi. Umma ta fara tsufa, har yanzu kuwa babu mai wainar da ta kai tata a unguwarmu. In ta miƙo mini nakan karɓa in cinye tas. Ban dai taɓa ce mata ta yi daɗi ba.