Duwatsun Famfon Yaya Sanatu

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayata Sanatu makwancinta. Allah ya jiƙanta da rahama. Mutanen unguwarmu ta Sakasaka sun san ta da koko da ƙosai a ƙofar gida, amma ba maganar koko ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar famfon da ke jikin gidanta ce, da duwatsun da ake jerawa a gabansa, domin a watan da ya wuce saura kaɗan a rasa su duka. Zan bi abin daki-daki yadda ya faru.

Wanda ya zauna a Tamale ba sai an gaya masa halin ruwanmu ba. Famfo yakan yi kwanaki a bushe, ranar da ya ga dama ya kawo, kafin azahar ya ɗauke. Da mijin Yaya ya jawo ruwa gidansu, ita ta nace a sa kan famfon a waje don maƙwabta su samu. Daga nan rigima ta fara. Mata su bar jarkoki a layi, a ture wannan, a ɗauke wancan, ruwa na zuwa sai zagi. Ni na ba da shawara a zaɓi dattawa su tsara abin. Aka zaɓa. Suka zauna, suka sha shayi, suka yi doka. Ranar da ruwa ya zo, kowannensu yana kasuwa.

Yaya ta ce mini, "Iddi, in ruwa ya zo, wa ke nan? Kai ne ko yaran nan?"

Na ce yara ba su san doka ba.

Ta ce, "To su yi tasu. Kai dai je ka buɗe shagonka."

Abin da yaran suka yi ke nan. Da farko suka ce kada a ƙara barin jarka a layi, kowane gida ya kawo dutse ɗaya ya ajiye a madadinsa. Dutse ba mai sata. Sun san dutsen kowane gida kamar yadda suka san akuyar kowane gida. Bayan haka suka zaɓi ɗaya a cikinsu suka kira shi sarkin layi, kuma duk zuwan ruwa ana canja shi, mace ko namiji. Sannan suka ƙara abubuwan da mu manya ba mu yi tunaninsu ba. Gidan da aka haihu ko aka yi rasuwa, su da kansu za su kai dutsensa gaba. Matan da ke kawo nono daga bayan gari suna da kwanon ruwa guda ba tare da dutse ba. Babba kuwa, ko waye shi, in ya taɓa dutse, na gidansa ya koma ƙarshe.

Yaya ba ta taɓa yanke musu hukunci ba. Aikinta ɗaya ne. In babba ya ɗaga wa yaro murya, sai ta aje ludayin koko, ta zo ta tsaya a bayan yaron, ba ta ce komai ba. Da hakan ya yi yawa sai aka daina ɗaga murya.

Ni ma dokar ta hau kaina. Wata safiya na zo wucewa na ga layin duwatsun ya karkace kamar maciji. Ba na son ganin abu a karkace. Na sunkuya na daidaita su, ban canja wa kowa wuri ba. Sarkin layi a ranar ɗan Yaya ne, Alhassan, wandonsa ma bai zauna masa a ƙugu ba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Kawu, ka taɓa dutse."

Na ce, "Gyarawa na yi, kai ɗan nema."

Ya ce, "Ko gyara ne, Kawu, taɓawa ce."

Na dubi Yaya. Ta aje ludayi. Aka ɗauki dutsen gidana aka kai ƙarshe, ruwa ya ɗauke kafin ya iso kanmu, matata ta yi yini ba ta yi mini magana ba. Har yau ina nan a kan bakana cewa layin ya karkace. Amma ban sake taɓa dutse ba.

Bayan rasuwarta abubuwa suka bi juna. Masu hali suka sayi manyan tankuna suka girke a tsakar gida, mai babur mai ƙafa uku yana kawo musu ruwa har ƙofa. Duwatsunsu suka bar layi. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ba su da wata hanya.

Sai kuma wata ƙungiya ta zo, ta ce ta ji labarin yaran Sakasaka, za ta taimaka musu. Mutanen kirki ne, ban ga mugun nufi a tare da su ba. Suka raba riguna masu rubutu, suka zaɓi yaran da suka iya Turanci suka ce su ne kwamiti, suka rubuta wa kowane gida lamba da fenti a ƙasa. Na yaba da lambobin, sun miƙe sambal. Amma lamba ba ta san an haihu a gidan Fati ba, ba ta san an yi rasuwa a gidan mai gyaran keke ba. Yaran da ba su sami riga ba suka ja baya. Ƙungiya ta ɗauki hotuna ta tafi. Damina ta wanke fentin. Da Yaya na nan, na san tambayar da za ta yi musu: kafin ku ba su, kun tambaye su me suka rasa? Yaran nan ba riga suka rasa ba. Babban da zai tsaya a bayansu ya yi shiru suka rasa.

Wasu 'yan ƙanana ne suka sake tattaro duwatsun daga baya, ba wanda ya sa su.

Yanzu na zo kan watan da ya wuce. Alhassan ya dawo daga Kumasi da iyalinsa, gidan ya zama nasa. Ya ce zai ja katanga ta gaba, famfo ya koma ciki. Yana da hujja, ba zan ɓoye ba. Ƙofar gidan kullum caɓi, ga sauro, ga hayaniya tun safe. Ya zo ya gaya mini don ni ne kawunsa. Na ce masa uwarsa ba za ta so ba. Ya ce, "Kawu, Mma ta yi nata. Ni ma ina da yara." Na gaji, ban ja ba. Shekaruna sun wuce na jayayya da mai gida a kan gidansa.

Ranar da magini ya zo, Alhassan da kansa ya kwashe duwatsun ya tara gefe don a ja igiyar awon gini. Ina zaune a benci ina kallo. Sai ga wata yarinya, Rahi, jikar mai gyaran keke, da ƙannenta da 'yan uwan wasanta a baya. Ta tsaya a gaban Alhassan. Ta ce, "Baba Alhassan, ka taɓa dutse."

Magini ya fashe da dariya. Alhassan ya ce, "Ke, gidan wa kike tsaye?"

Ta ce, "Gidanka ne. Amma naku ya koma ƙarshe."

Na ga ya buɗe baki zai daka mata tsawa. Gwiwoyina ba su da kirki yanzu, amma na tashi. Na je na tsaya a bayan yarinyar. Ban ce komai ba.

Alhassan ya dube ni. Sannan ya ce, "Kawu, har da kai?"

Na ce, "Ko gyara ne."

Bai yi dariya ba. Ya juya ya ce wa magini ya kauce da igiyar, ya bar famfon a waje. Ya ƙara da cewa zuwa baɗi zai sake dubawa. Ban san abin da baɗi za ta kawo ba, kuma ban yi wa kowa alkawari ba.

An gama katangar. Ta taho a miƙe daga kusurwa, ta zo daidai famfo ta lanƙwashe ciki, ta sake fitowa. Mummunan gini ne, duk wanda ya san aiki zai faɗa. Kullum in zan tafi masallaci sai na gan ta, kullum sai ta tsaya mini a rai.

Abin da ya rage na Yaya Sanatu ke nan, in an auna. Tukunyar kokonta tana wani gida, ɗakinta an sa 'yan haya. Sai katangar da ta karkace, da yaran da ba su taɓa ganinta ba suna bin abin da ta bar wa iyayensu. Yau da nake wannan rubutu famfon a bushe yake. Duwatsun suna nan a jere, layin bai miƙe ba, na gidan Alhassan yana ƙarshe. Na wuce su da safe, hannuwana a baya.